Daga Kwatano Zuwa Lolo: Hanyar Da Cajarka Ke Bi Kafin Ta Iso Hannunka

Juya cajar wayarka ka duba rubutun da ke bayanta. Da wuya ka ga ba sunan ƙasar Sin ba. Haka fawa-bank ɗinka, haka iyafis, haka faifan solar da mai shagon caji ya ɗora a kan rufi. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka ƙera a Kebbi, kuma mafi yawansu sai da suka yi makonni a cikin kwantena a kan teku kafin su sauka a wata tashar jiragen ruwa.

Ga mutumin Lolo, a ƙaramar hukumar Bagudo, tashar da ta fi kusa da shi ta hanyar mota ita ce ta Kwatano a Jamhuriyar Benin. Sunan ba baƙo ba ne a bakin Bahaushe. Tun muna yara muke jin ana cewa wane ya sayo mota 'yar Kwatano. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tambayar me ake yi a cikin tashar, kuma me ya sa kayan da suka sauka a can ba sa miƙowa kai tsaye zuwa kasuwanninmu. Amsar tana da alaƙa da kuɗin da kake biya duk lokacin da caja ta ƙone ko batir ya kumbura.

Ina Lolo take a taswirar kasuwanci?

Buɗe Google Maps ka rubuta Lolo, Kebbi. Za ka ga gari a gefen kogin Neja, dab da iyaka. Tsallaken iyakar akwai Madekali, wadda ke ƙarƙashin Malanbil a arewacin Benin. Malanbil kuwa tana fuskantar Gaya ta Jamhuriyar Nijar, gada ce kawai a tsakaninsu. Gabas da Gaya ga Kamba a ƙaramar hukumar Dandi. Ƙasashe uku ke nan a ɗan ƙaramin fili, inda ake jin Hausa da Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci a kasuwa ɗaya, kuma ake karɓar naira da sefa a rumfa ɗaya.

Ana ɗaukar kasuwar Malanbil a matsayin ta biyu a girma a Benin, bayan Dantokpa ta Kwatano. Daga Malanbil titi ɗaya ne ya miƙe kudu, ya ratsa Kandi da Paraku har bakin teku, tafiyar kilomita sama da 700. Wanda zai ɗauko kaya daga Legas zuwa Lolo kuwa sai ya bi Ibadan, Ilori, Jebba, Mokwa, Kwantagora da Yawuri kafin ya shigo yankin Bagudo, kuma wannan hanya ta fi waccan tsawo. Da taswira ce kaɗai ke yanke hukunci, da Kwatano ce ƙofar teku ta yammacin Kebbi.

Akwatin ƙarfen da ya sa caja ta yi araha

Kafin a zo kan tashar, ya kamata mai karatu ya san abin da ke sauka a cikinta. Ranar 26 ga Afrilu, 1956, wani ɗan kasuwar Amurka mai suna Malcom McLean ya loda akwatunan ƙarfe 58 a kan jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston. Kafin lokacin, 'yan dako ne ke sauke kaya buhu-buhu, jirgi ya yi kwana da kwanaki a tasha. Dabarar McLean ita ce a rufe kaya sau ɗaya a masana'anta, akwatin ya hau mota, ya hau jirgi, ya sake hawa mota ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba.

Yau kwantena tana da girma iri ɗaya a duk duniya. Akwai mai ƙafa 20, akwai mai ƙafa 40. Mai ƙafa 20 ita ce ma'aunin da ake ƙirga aikin tasha da shi, wanda ake kira TEU, kuma cikinta na ɗaukar kusan kubik mita 33, wato idan aka ninka tsawo da faɗi da zurfi. Manyan jiragen zamani na ɗaukar irinta sama da 20,000 a tafiya ɗaya.

Bari mu yi ɗan lissafi na misali. A ƙaddara an cusa caja 50,000 a kwantena ɗaya, a ƙaddara kuma kuɗin ɗauko ta daga kudancin Sin dala 3,000 ne. Kowace caja ta ci santi 6 kacal a kan teku, duk da ta yi tafiyar dubban kilomita. Wannan ne dalilin da ya sa abin da aka ƙera a Shenzhen zai iya zuwa ƙauyen Bagudo a farashin da talaka zai iya saya. Ruwa yana da araha. Tsadar na farawa ne daga ranar da jirgi ya iso gaɓa.

Wa ke hawa jirgin sama, wa ke hawa na ruwa?

Ba duk kayan waya ke bin hanya ɗaya ba. Sabuwar waya mai tsada ƙarama ce, ba ta da nauyi, kuma darajarta na raguwa da zarar an fitar da wadda ta gaje ta. Don haka masu shigo da irinta sukan gwammace jirgin sama, kaya su iso cikin kwanaki. Kamfanin Transsion na Shenzhen, mai Tecno da Infinix da itel, wanda ke riƙe da kaso mafi girma na kasuwar wayoyi a Afirka, yana fitar da sababbin samfura a kai a kai, kuma dila ba ya son tsohon samfuri ya kwana masa a shago.

Kaya masu nauyi da ƙarancin riba kuwa, irin su caja, igiyoyi, rigar waya, gilashin kare sikirin, talabijin, faifan sola, inbata da manyan batura, teku suke bi. Fawa-bank ma na da nata dalilin. Batirin litiyom na cikin jerin kaya masu haɗari saboda yana iya kamawa da wuta. Tun watan Afrilun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta hana loda batiran litiyom zalla a matsayin kaya a cikin jiragen fasinja. Sai jirgin dakon kaya, shi ma da sharaɗin cajin batirin bai wuce kashi 30 cikin 100 ba. Wannan ya sa ɗauko su ta sama ke da tsada, 'yan kasuwa da yawa suka koma ruwa.

Jirgin da ya taso daga tashoshin kudancin Sin zuwa Afirka ta Yamma yakan zagayo ta ƙasan Afirka ta Kudu, ya yi wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi, wani lokaci fiye. Sau da yawa ba ya zuwa Kwatano kai tsaye. Yakan sauke kwantenonin a tasha mai zurfi kamar Lome ta Togo, inda kamfanin MSC ke da babban sansani, sannan ƙaramin jirgi ya ƙarasa da su.

Abin da ake yi a cikin tashar Kwatano

An buɗe tashar Kwatano a 1965, kuma kusan dukkan cinikin Benin da ƙasashen waje ta nan yake bi. Tun 2018 gwamnatin Benin ta miƙa tafiyar da ita ga wani reshe na tashar Antwerp ta Beljiyam. Babban ɓangaren kwantena, Bénin Terminal, yana hannun kamfanin da a da ake kira Bolloré Africa Logistics. MSC ya saye shi a ƙarshen 2022, aka sauya masa suna zuwa AGL a 2023. Ma'ana, kamfanin da ke da jiragen shi ne kuma ke da hannu a wurin saukar da kayan.

Idan jirgi ya iso, sai ya jira a ba shi gurbi. Manyan na'urorin ɗaga kaya su sauke kwantenonin ɗaya bayan ɗaya, a jera su a fili. Manhajar tasha ce ke ba kowace kwantena mazauni, ta san layinta da hawa na nawa take, don kada a tono goma kafin a kai ga ɗaya. Daga nan aikin takarda ya fara. Mai kaya ko wakilinsa zai gabatar da takardar shaidar lodi, wadda 'yan kasuwa ke kira BL, da takardar farashi, da bayanin abin da ke ciki. Benin na amfani da shafin intanet guda, GUCE, inda ake shigar da takardun shigo da kaya maimakon yawo ofis-ofis. Kwastam za ta yanke ko a wuce da kwantena, ko a sa ta a na'urar haska ciki, ko a buɗe ta.

A nan agogo ke fara cin kuɗi. Kamfanin jirgi yana ba da 'yan kwanaki kyauta, bayan su kuma kowace rana akwai tarar jinkiri a kan kwantenarsa. Ita ma tasha tana karɓar kuɗin ajiya. Kuskure ɗaya a takarda na iya sa kaya su yi makonni a fili. Duk abin da aka biya a wannan zaman, a kan farashin kayan ake raba shi, kuma mai saye na ƙarshe ne ke biya. Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a rasit. Kwantenar da ke zaune cikin rana tana yin zafi sosai, kuma zafi na rage lafiyar batirin litiyom tun kafin a fara amfani da shi.

Babban kaso na kayan da ke sauka a Kwatano ba na Benin ba ne. Kaya ne masu wucewa, waɗanda ba a biya musu harajin shigowa a can ba domin wata ƙasa za su. Shekara da shekaru Nijar ce babbar mai irin wannan kaya, domin ba ta da teku. Don kada a karkatar da su a hanya, ana liƙa wa tirela na'urar GPS tun daga tasha, ana bin sawunta har ta fita iyaka. Dab da tashar akwai unguwar Zango, inda Hausawa 'yan kasuwa da direbobi suka daɗe da zama.

Kilomita 700 a bayan tirela

Akwai layin dogo daga Kwatano zuwa Paraku mai tsawon kilomita 438, wanda aka gada tun zamanin mulkin Faransa. Bai taɓa isa Malanbil ba. Layin da aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016 shi ma bai haɗu da shi ba. Don haka tirela ce ke ɗaukar nauyin komai.

A kan titi, kwantena ɗaya na buƙatar mota ɗaya, direba da yaron mota, man dizal na zuwa da dawowa, kuɗin ƙofofi, da jira a kowane shingen bincike. Kuma sau da yawa kwantenar na komawa tasha wayam, domin kayan da muke fitarwa a kwantena ba su kai waɗanda muke shigowa da su ba. Kuɗin komawar ma yana cikin lissafi. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a ga kuɗin kilomita ɗari bakwai na tudu ya yi kafaɗa da kafaɗa da kuɗin dubban kilomita na teku.

Me ya sa kayan ba sa shigowa Lolo kai tsaye?

Wasu na ɗauka cewa tunda Najeriya da Benin duk 'yan ECOWAS ne, abin da ya shiga Kwatano zai iya wucewa Najeriya ba haraji. Ba haka dokar take ba. Rangwamen ECOWAS na kayan da aka samar a cikin yankin ne. Albasar da aka noma a Kebbi ta cancanta, cajar da aka ƙera a Sin ba ta cancanta ba, ko da ta kwana wata guda a Benin. Yarjejeniyar cinikin bai-ɗaya ta Afirka da ta fara aiki a Janairun 2021 ita ma tana duba asalin kaya.

Wanda zai shigo da kayan lantarki Najeriya bisa ƙa'ida sai ya buɗe Form M ta banki, ya sami takardar PAAR daga kwastam, da shaidar inganci ta SONCAP. Idan wayoyi ne, dole samfurin ya kasance cikin waɗanda hukumar NCC ta amince da su. Sannan a biya haraji a mashigar da gwamnati ta amince a yi hakan. Masu kiliyarin da bankuna da manyan diloli sun taru ne a Legas, don haka mafi yawan kayan waya da ke kasuwannin Arewa ta Apapa da Tin Can da filin jirgin sama suke shigowa, su bi ta Computer Village ko Alaba, su zo Farm Centre a Kano ko su miƙe Sakkwato da Birnin Kebbi, sannan su gangaro Bagudo.

Akwai kuma tsohuwar rashin yarda tsakanin ƙasashen biyu. Tun 1992 masanan Benin biyu, John Igué da Bio Soulé, suka rubuta littafi suna kwatanta ƙasarsu da sito: tana shigo da kaya fiye da buƙatarta, ta karɓi harajinta, sauran su tsallaka Najeriya ta bayan fage. Shinkafa ce babban misali. Benin, duk da ƙarancin jama'arta, ta shiga sahun manyan masu sayen shinkafar Tailan. Najeriya ta hana shigo da shinkafa ta iyakokin tudu a 2016, ta hana motoci daga 1 ga Janairu, 2017. A watan Agustan 2019 kuma ta rufe iyakokin tudu gaba ɗaya. Cikin sharuɗɗan da ta gindaya a lokacin har da cewa kayan da suka sauka a tashar maƙwabta da nufin zuwa Najeriya su iso iyaka a ƙunshinsu na asali, tare da rakiya.

Mutanen Kebbi sun ga fuska biyu ta wannan mataki. A jihar ne aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, kuma manoman shinkafa sun ji daɗin raguwar ta waje. Mazauna bakin iyaka kuwa sun sha wuya, musamman bayan da aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019. Mai shagon cajin da ke dogara da janareta ya san abin da wannan ya jawo masa. An buɗe Seme, Illela, Maigatari da Mfun a Disambar 2020. Kamba sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta.

Ranar da aka toshe gada da kwantena

Darasi na biyu ya zo ne daga Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, Benin ta rufe iyakarta. Tireloli suka yi jerin gwano a Malanbil, kayan Nijar suka maƙale a Kwatano. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Yamai suka bar nasu a rufe bisa dalilan tsaro. Abin da aka tare gadar da shi har da kwantenoni.

Kaya ba sa tsayawa, hanya suke sauyawa. Masu kwale-kwale suka koma tsallakar da mutane da ƙananan kaya tsakanin Malanbil da Gaya. Manyan kaya suka koma tashar Lome, su ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, tafiyar da ta fi tsawo da haɗari. Wasu direbobi kuma suka karkato ta Segbana, su shigo Tsamiya a ƙaramar hukumar Bagudo, su nufi Kamba su fita Nijar. Yankin da ake yi wa kallon ƙarshen Najeriya ya zama mahaɗar tashar Kwatano da kasuwar Yamai. Duk ƙarin kwana da ƙarin shingen da aka samu a waɗannan hanyoyi, mai sayen kaya a Doso da Yamai ne ya biya shi.

Sefa, naira da dala

Ko da iyaka a buɗe take, akwai wani abu da ke yanke hukunci, shi ne canjin kuɗi. Sefa ɗaure take da yuro: yuro 1 daidai yake da sefa 655.957, ba ya motsi. Naira kuwa tun watan Yunin 2023 aka sake ta ta nemi farashinta a kasuwa, kuma ta faɗi ƙwarai. Daga nan kayan Kwatano suka yi wa mai naira tsada, kayan Najeriya kuma suka yi wa mai sefa araha.

Mai shigo da kayan waya yana biyan masana'anta da dala ko yuwan, ya biya jirgi da dala, sannan kwastam ta ƙididdige masa haraji da canjin da ake kai a lokacin. Tsakanin ranar da ya yi oda da ranar da kaya suka iso shago ana iya yin wata biyu ko uku. Dila ba ya sa farashi bisa abin da ya saya jiya kawai, yana duba abin da zai kashe kafin ya sake cika shago. Idan ka ga farashin fawa-bank ya tashi alhali tsohon kaya ne a kan kanta, yawanci dalilin ke nan.

Maganar tashar tsandauri a Lolo

An daɗe ana maganar kafa tashar tsandauri a Lolo, tsakanin gwamnatin jihar Kebbi da hukumar kula da masu safarar kaya ta ruwa ta Najeriya. Tashar tsandauri tasha ce ba tare da ruwa ba. Kwantena ta sauka a bakin teku, a bar ta a rufe da hatiminta, a kawo ta cikin ƙasa, a can ne kwastam za ta duba a biya haraji. Haka mai fitar da kaya zai kammala takardunsa kusa da gida. An ƙaddamar da irinta a Kaduna a Janairun 2018, a Dala ta Kano a Janairun 2023, da Funtuwa a Mayun 2024.

Amfanin irin wannan ga Lolo a fili yake. Ɗan kasuwar Kebbi ko Sakkwato zai iya karɓar kayansa a kusa. Kwantenar da ta zo da kayan sola za ta iya komawa da riɗi ko wani amfanin gona maimakon ta koma wayam. Kuma tasha na zuwa da ayyukan da matashi mai iya kwamfuta zai iya yi: shigar da bayanan kaya, bin sawun motoci, kula da na'urar haska kwantena, gyaran kyamarori da hanyar sadarwa.

Sai dai katanga da fili ba su isa su zama tasha ba. Dole kamfanonin jiragen ruwa su yarda su rubuta sunan wurin a takardar lodi a matsayin zangon ƙarshe. Dole kwastam ɗin ƙasashen biyu su riƙa ganin bayanan kaya ɗaya a kwamfutocinsu. A nan an sami ci gaba: akwai tsarin ECOWAS mai suna SIGMAT da ke haɗa kwamfutocin kwastam, kuma a 2025 aka ƙaddamar da shi tsakanin Najeriya da Benin a mashigar Seme. Kwastam ɗin Najeriya ma ta koma sabuwar manhajarta, B'Odogwu. Bayan wannan ana buƙatar titi mai ɗaukar tirela daga Lolo zuwa Bagudo da Koko, da wutar lantarki, da intanet da ba ya yankewa, da tsaro a dazuzzukan yankin.

Kuma Kwatano ba ita kaɗai ke neman kayan Arewa ba. An ƙaddamar da tashar Lekki mai zurfin mita 16.5 a Janairun 2023. Cunkoson tirelolin Apapa ya sa aka fito da manhajar Eto a 2021, wadda ke ba kowace mota lokacin shiga tasha. An fara aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagry mai tsawon kilomita 1,068 a Oktoban 2024, kuma zai ratsa Kebbi. Ana kuma aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Ɗan kasuwa zai bi duk hanyar da ta fi ba shi tabbacin ranar isowar kayansa, ko da ta fi tsawo.

Abin da za ka iya yi da wayar hannunka

Yanzu matasa da yawa na haɗa kuɗi su yi odar kaya daga Sin ta hannun wakili. Idan kana cikinsu, akwai abubuwan da za su kare ka.

Na farko, nemi lambar kwantena. Kowace kwantena a duniya tana da haruffa 4 da lambobi 7 a jikinta. Haruffa ukun farko na mai ita ne, na huɗu yawanci U ne, misali MSCU ko CMAU. Shigar da lambar a shafin kamfanin jirgin za ka ga ranar da aka loda, inda aka sauya jirgi, da ranar da ake sa ran isowa. Wakilin da ya ce kaya suna kan ruwa amma ya kasa ba da lamba, a yi hattara da shi.

Na biyu, idan ka san sunan jirgin, manhajoji irin su MarineTraffic da VesselFinder za su nuna maka inda yake a taswira, domin manyan jirage na watsa matsayinsu ta na'urar AIS. Kana zaune a Lolo za ka iya ganin jiragen da ke jiran shiga Kwatano ko Apapa.

Na uku, tambayi wakili tun kafin ka biya: wace tasha kayan za su sauka, kuma kuɗin da ya faɗa ya haɗa da haraji da kiliyarin ko bai haɗa ba? Wa zai biya tarar jinkiri idan an samu? A rubuta amsar, ko da a WhatsApp ne.

Na huɗu, ka sani cewa kayan da suka shigo ta ɓarauniyar hanya ba su da mai tsaya musu. Idan kwastam ta kama, jarin ya tafi. Idan caja ta ƙona waya, babu wanda za a riƙe. Kafin ka sayi waya a kasuwar bakin iyaka, latsa *#06# ka kwatanta lambar IMEI da ta jikin kwali, sannan ka tambaya ko garantin yana aiki a Najeriya, domin akan sami wayar da aka yi wa wata kasuwa dabam.

Na ƙarshe ya shafi masu hulɗa da 'yan kasuwar tsallake. Tun ƙarshen Nuwamban 2024 lambobin wayar Benin suka koma 10, an ƙara 01 a gaban tsohuwar lamba, bayan +229. Idan lambar direba ko dilan Malanbil ta daina shiga, fara duba wannan. Kuma idan kana bakin iyaka, shiga saitin waya ka zaɓi layinka da hannu, ka kashe datar yawon ƙetare, don kada waya ta kama sabis ɗin tsallake ta cinye maka kati ba ka sani ba.